Yadda Ake Tsara Tafiyar Keke a Burjin Tuddai da Kurmi, Inda Mota Ba Ta Bi

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a gefen kwalta, babbar mota ta wuce iskarta ta kusa ture shi, ya san abin da ke kai mutane burjin daji. Can babu hon, babu hayaƙi, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da inuwar itatuwa. Sai dai hanyar da mota ba za ta biyo ta buge ka ba, ita ce kuma wadda mota ba za ta biyo ta ɗauke ka ba idan kaca ta tsinke maka a tsakiyar kurmi da la'asar sakaliya. Shi ya sa rabin wannan tafiya a gida ake yin sa, a kan taswira da kuma gindin keke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fara sanin irin hanyar

Mafi sauƙi ita ce tsohon layin dogo da aka cire ƙarafunansa aka zuba dakakken dutse. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsayuwa, don haka maginan layin suka fasa duwatsu, suka cike kwaruruka, suka bar hawan da da wuya ya wuce kashi 2 ko 3 cikin 100, wato hawan mita 2 ko 3 a kowace mita 100 ta tafiya. A Amurka akwai Great Allegheny Passage, mai kimanin kilomita 240 daga Pittsburgh zuwa Cumberland, wadda ta ratsa tuddai masu itatuwa amma hawanta bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ƙasar Sifen ta fara mayar da tsofaffin layukanta hanyoyin keke da ƙafa tun 1993. Sabon shiga ya fara da irin wannan. Abu ɗaya kawai zai tuna: wasu suna bi ta ramin da aka haƙa cikin dutse, kuma ba kowane rami ke da lantarki ba, fitila dole ce ko da rana tsaka.

Ta biyu ita ce hanyar gandun daji, wadda aka yi domin motocin ɗaukar katako. Tana da faɗi, ƙasanta a daddaɓe, hawanta yakan kai kashi 8 zuwa 10 cikin 100, wani wurin ya wuce. Ita ce ƙashin bayan kusan kowace tafiyar burji mai kyau a tuddai. An rufe ta ga motocin jama'a, amma masu aikin katako suna nan. Idan ka ga tarin gungume sabon yanka a gefe, ko sawun manyan tayoyi ɗanye, ko ka ji kukan injin zarto, to ka sa a ranka kana iya karo da mota ɗauke da kaya a kowace kwana. Inda aka kafa alamar rufe hanya saboda sara, juyawa ake yi, domin mai sara ba ya jin ka kuma ba ya hangen ka.

Sai hanyoyin gonaki da na dawaki, da siraran turbobi masu faɗin taya ɗaya. Waɗannan su ne masu daɗi, su ne kuma masu cin lokaci, kuma a kansu doka ta fi yin magana. A Ingila da Wales, dokar 1968 ta bai wa mai keke damar bin hanyar dawaki muddin zai kauce wa masu tafiya a ƙafa da mahaya, amma ba ta ba shi hanyar ƙafa zalla ba. Sikotlan ta buɗe yawancin filayenta da dokar 2003, bisa sharaɗin a kiyaye haƙƙin mai ƙasa. A jihar Baden-Württemberg ta Jamus an hana keke bin turbar kurmi da faɗinta bai kai mita 2 ba, sai inda aka ba da izini. Ganin layi a taswira bai zama izini ba, ka bincika dokar wurin da za ka.

Karatun taswira

Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne auna tafiya da kilomita kawai. A tuddai, jimillar hawan ita ke faɗin gaskiya. Raba mitocin hawa da kilomitocin tafiya. Idan ka samu mita 10 a kowace kilomita, tafiya ce mai ɗan hawa da sauka wadda yawancin mutane za su iya. Idan ta kai mita 20, kamar kilomita 40 da hawan mita 800, to yini ne na aiki, kuma jiki zai gaya maka.

A taswirar da ma'auninta yake 1:25,000, santimita 4 ita ce kilomita 1. Layukan da ke zagaye tuddai suna nuna tsayi, kuma a gefen takardar an rubuta tazarar da ke tsakaninsu, sau da yawa mita 5 ko 10. A ce mita 10 ce. Ɗora rula a kan hanyar: idan cikin santimita 2, wato mita 500 a ƙasa, ka tsallake layuka 5, ka hau mita 50 ke nan, hawan kashi 10 cikin 100. Idan layukan 8 ne, kashi 16 ne, kuma a kan sakakkiyar tsakuwa mutane da yawa turawa za su yi. Wannan ɗan lissafi ya cancanci wahalarsa, saboda manhajojin waya sukan ba da matsakaicin hawa. Za su ce maka tudu kashi 6 ne, alhali rabinsa shimfiɗe yake, sauran rabin kuwa kamar bango.

Manhajoji irin su Komoot, Ride with GPS da OsmAnd suna ɗibar bayanan hanyoyi daga OpenStreetMap, inda aka kasa hanyoyin daji mataki biyar, ana rubuta su grade1 zuwa grade5. Na 1 mai tauri ne, sau da yawa ma shafe yake da kwalta ko siminti. Na 2 shi ne burjin da kake nema. Na 3 gauraye ne, tsakuwa da ƙasa. Na 4 da na 5 ƙasa ce da ciyawa, masu kyau lokacin rani, masu zama kwatamin taɓo bayan ruwa. Gina tafiyarka a kan na 2 da na 3, ka ɗan tsarma sauran. Masu sa kai ne ke shigar da wannan bayani, wani an yi shekaru ba a taɓa shi ba. Hoton tauraron ɗan'adam kuma a kurmi kan itatuwa kawai yake nunawa. Saboda haka a ƙara da taswirar Strava, manhajar masu keke da masu gudu, mai nuna inda mutane suka fi bi: layi mai haske alama ce hanyar tana biyuwa, amma ba ya gaya maka ko da wane irin keke aka bi ta, ko halal ce.

Wajen jera hanyar, sa tudu mafi wuya a rabin farko, lokacin da ƙafa ke da ƙarfi. Zaɓi zagaye mai kamar lamba 8 maimakon babban da'ira guda, don a tsakiya ka samu wurin yanke tafiya idan rana ta yi nisa. Inda ɓangare ɗaya na tudu yake da tauri ɗayan kuma sakakke, hau ta mai taurin, domin taya ba ta kama sakakkiyar tsakuwa a hawa. Ka kuma lura da gangaren da rana ba ta cika dukansa ba, wato mai fuskantar arewa idan kana arewacin duniya: yakan yi kwanaki a jiƙe bayan sauran sun bushe.

Lokaci kuwa, ƙiyasta kilomita 15 a awa, ka ƙara minti 10 a kan kowace mita 100 ta hawa. Tafiyar nan ta kilomita 40 da mita 800 ta zama awa 4. Lissafin yana da sassauci, da gangan. Ƙara awa ɗaya ta hutu da gyara, sannan ka tsara fita daga kurmi awa guda kafin faɗuwar rana, domin ƙarƙashin itatuwa duhu yakan riga fili shigowa. Sauke taswirar cikin waya yadda za ta buɗe ba intanet, ka tura fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da layin hanyar da ka tsara, ga wani a gida tare da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka.

Taya

Idan abu ɗaya za ka kashe wa hankali a jikin keken, to taya ce. Faɗin milimita 38 zuwa 45 ya dace da yawancin burji. Ƙasa da 35 tana nutsewa cikin tsakuwa tana wujijjiga hannu. Sama da 45 tana da kyau a wuri mai duwatsu, in dai keken zai ɗauka: a bar aƙalla milimita 5 ko 6 tsakanin taya da ƙarfen keke ta kowane gefe, in ba haka ba laka za ta cushe wurin, tana goge fenti har wili ya tsaya cak. Ga kurmi mai damshi, nemi taya mai ƙananan haƙora a tsakiya da manya a gefe, su ne ke riƙe ka a kwana.

Taya marar tiyub ta fi dacewa. Ana zuba mata ruwan toshe huji, mililita 60 ko ɗan sama a kowace taya, wanda ke like hujin ƙaya kana cikin tafiya. Ruwan yana bushewa cikin wata 3 zuwa 6, da wuri ma idan ana zafi. Cire wilin ka girgiza shi kusa da kunne, idan ba ka ji motsin ruwa ba, ƙara.

Yawancin mutane suna cika iska fiye da kima, suna zaton taya mai tauri ta fi gudu. A kan tsakuwa tsalle take yi, ba ta kama ƙasa, kuma duk girgizar a jikinka take ƙarewa. Mai nauyin kilo 75 a kan taya marar tiyub ta milimita 40 ya fara da psi 35 a baya, 32 a gaba (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Mai nauyi ya ƙara, marar nauyi ya rage, mai tiyub ya ɗora kamar psi 5. Daga nan sai gwaji: a rage psi 2 a sake bin wuri ɗaya. Idan ka ji ƙarfen wili ya daki dutse, ƙwas, ko tayar tana lanƙwashewa a kwana, ka wuce gona da iri, mayar da abin da ka cire. Mai tiyub zai gane ƙarancin iska daga irin facinsa: huji biyu a jere kamar saran maciji, inda ƙarfen wili ya matse tiyub a kan dutse. A auna da geji kafin kowace fita, matsi da yatsa ba ya bambance 30 da 40.

Giya da birki

Giyar da ta ishe ka a kwalta ba za ta ishe ka a nan ba. Abin nema shi ne faifan haƙora na baya mafi girma ya kai na gaba yawan haƙora, ko ya fi shi. Mai 40 a gaba da 42 a baya, kowane zagayen feda yana kai shi kimanin mita 2.1, a zagaye 70 cikin minti yana tafiya kusan kilomita 9 a awa, ƙafa na juyawa ba tare da gwiwa ta sha wuya ba. Mai giyar kwalta ta 34 da 28, idan tudu ya mayar da shi kilomita 8 a awa, zagaye 50 kacal yake yi a minti. Dole ya miƙe tsaye, da ya miƙe nauyi ya bar tayar baya, ta yi ta karta a wuri ɗaya.

Birki mai faifai shi ne na wannan aiki, faifan milimita 160 gaba da baya. Cire wili ka leƙa fad ɗin da ke damƙe faifan: idan abin da ya rage bai kai milimita 1 ba, canza shi, domin yini ɗaya na ruwa da yashi yana iya cinye wannan. Sabon fad ana fara horar da shi da tsayawa 15 zuwa 20 daga matsakaicin gudu a wuri mai kyau. Kada mai ya taɓa faifan, ko na yatsa. Kaca kuma a auna ta da ma'auninta, mai giya 11 ko 12 ya canza idan ta miƙe da kashi 0.5 cikin 100.

Abin da za a ɗauka

Famfo, tiyub ko da tayarka marar tiyub ce, ƙarafan cire taya, igiyoyin toshe huji da allurarsu, maɓallan gyara masu haɗe da abin yanke kaca, mahaɗin kaca daidai da yawan giyarka, ƙyallen tauri na liƙe yagewar taya, da 'yar marataya ta ƙarfe da ke riƙe na'urar canza giya ta baya. Wannan ta ƙarshe kowane keke da irin tasa, an yi ta ne ta lanƙwashe ko ta karye a madadin jikin keken, kuma ba za ka same ta a daji ba. Hular kwano, safar hannu, tabarau mai haske-haske, fitila, batirin cajin waya, bandeji. Ruwa rabin lita zuwa mililita 750 a awa, abinci mai sitaci ko sukari giram 30 zuwa 60 a awa, a fara ci tun kafin yunwa ta zo. Rigar tare iska ma ta shiga jaka: zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Celsius a kowace mita 1,000 ta tsayi, kuma wanda ya jiƙe da gumi a hawa sanyi yakan kama shi a doguwar gangara.

A kan hanya

A hawa, sauya giya tun kafin tudun ya kama ka, kana sassauta ƙafa daidai lokacin da kaca ke tsallakawa. Canza giya kana danna feda da ƙarfi shi ke tsinka kaca. Zauna a sirdi, matsa gaba kaɗan, sunkuyar da ƙirji don kada tayar gaba ta ɗaga. Bi sawun da tayoyin manyan motoci suka daddaɓe, ka bar tsakiya da gefe inda tsakuwa ta taru.

Gangara ita ce inda ake jin ciwo. Idan kan kekenka mai lanƙwasa ƙasa ne, kama shi ta ƙasa inda yatsu suka fi samun birki, ɗaga mazaunai kaɗan daga sirdi, feda biyu a daidaita, gwiwa da gwiwar hannu a sake su sha girgiza. Ido ya tafi mita 10 ko 15 gaba, kan inda kake son bi. Dutsen da ka zuba wa ido shi za ka hau. Birkin gaba ne mai tsayar da keke, na baya shi kaɗai jan taya kawai yake yi, don haka a matsa su tare, a hankali, inda ƙasa take da tauri kuma keke yake miƙe. A doguwar gangara kada a riƙe birki tun daga sama har ƙasa: faifai zai yi zafi, birki ya yi sanyin kamu. Matsa sosai, saki, sake matsawa.

Kafin kwana ake gama rage gudu. Cikin kwanar, fedar waje ta koma ƙasa ka danna nauyinka a kanta, keken ya kwanta kaɗan, jikinka ya fi shi miƙewa. Taɓa birkin gaba a tsakiyar kwana mai tsakuwa, tayar gaba za ta zame ba sallama. Kowace kwanar da ba ka hango bayanta, shige ta da gudun da za ka iya tsayawa cikin abin da idonka ke gani, domin bayanta ana iya samun faɗaɗɗen itace, ko shingen ƙarfe, ko yaro da kare.

Kurmi yana da nasa tarkunan. Jiƙaƙƙiyar saiwa santsi gare ta kamar sabulu: tsallake ta a miƙe, kai tsaye ta gicciye, ba birki ba feda. Haka magudanan ruwa da ake ginawa a karkace a kan gangaren hanyoyin katako, da gadar katako mai gansakuka. Tarin busasshen ganye yana ɓoye rami. Inda hasken rana ke ratsowa ta ganye yana yi wa ƙasa dabbare-dabbare, ido ba ya rabe rami da inuwa, nan ne baƙin tabarau ke cutarwa. A gargada, sassauta riƙo, ƙara giya ɗaya, nemi gefen da ya fi laushi. Yumɓu kuwa, da ka ga ya fara naɗe taya, sauka ka ɗauki keken ko ka tura ta kan ciyawa. Wanda ya dage da feda, yumɓun zai cika na'urar giya ya fizge ta cikin wili. Rafin da ba ka ga ƙasansa ba, ko ruwansa ya kai cibiyar wili, a ƙafa ake tsallake shi.

Doki yana tsoron abin da ya zo masa shiru ta baya. Yi magana tun daga nesa, rage gudu, jira mahayin ya ba ka hanya. Ƙofar shinge kuma a bar ta yadda aka same ta.

Idan abu ya lalace

Hujin da ruwan toshewa ya kasa: juya wurin ƙasa, ba shi rabin minti. Idan iska ba ta daina fita ba, zura igiyar toshewa a allura, soka ta cikin hujin har saura kamar santimita 1 a waje, zare allurar, buga iska. Idan gefen taya ne ya yage, cire bawul, laluba cikin tayar da yatsa a hankali ka fitar da tsofaffin ƙayoyin da ruwan ya daɗe yana rufa wa asiri, shimfiɗa ƙyallen tauri a kan yagewar, sannan ka sa tiyub. Wanda ya tsallake lalubar nan zai huda sabon tiyub ɗinsa nan take.

Idan ka ji sanda ta shiga wilin baya, daina feda a take. Bayan kowace faɗuwa ta ɓangaren dama, tsaya bayan keken ka duba ko na'urar giya ta karkata ciki. Idan ta karkata, kada ka sa giya mafi sauƙi har sai ka canza maratayar. Kaca da ta tsinke, cire gaɓar da ta lalace, haɗa da mahaɗin, ka guji manyan faifan baya tunda ta gajarce.

Cikin kwari mai duhun itatuwa GPS yakan kauce da mitoci da dama, sabis ɗin waya ma ya ɗauke. A mararraba, yi mita 100 ka duba ko har yanzu kana kan layin da ke taswirar wayarka. Idan ka ɓace, koma wurin ƙarshe da ka tabbatar da shi, kada ka yanke ta cikin daji. Saƙon tes yakan fita inda kira ya ƙi, kuma kan tudu ya fi kwari samun sabis. Idan hadari ya taso, ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da tsawa, kowace 3 kilomita 1 ce. Ƙasa da daƙiƙa 30, sauka daga ƙololuwar tudu, ka nisanci dogon itace da ke tsaye shi kaɗai. Ranar iska mai ƙarfi kuwa a bar kurmi gaba ɗaya, rassa suna faɗowa.

Da ka dawo, wanke kaca ka sa mata mai tun laka ba ta bushe ba, da ruwa marar ƙarfi don kada ya kori giris daga cikin boris. Sannan ka duba jikinka saboda kaska, musamman bayan gwiwa, ƙugu, hammata da gefen gashi. A kurmin Turai, Arewacin Amurka da sassan Asiya tana ɗauke da cutar Lyme. Kama ta da hantsaki daf da fata, ja a miƙe ba murɗawa, wanke wurin, rubuta ranar. Idan cikin kwana 3 zuwa 30 ka ga jan tabo yana faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi ya zo, je wurin likita ka gaya masa ranar da ta cije ka.